Asuwaki, Sabulu da Kwalli: Ɗan Tarihin Tsabtar Jiki a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 

Dalilin rubuta wannan 'yar maƙala shi ne wani musu da ya haɗa ni da abokin ɗakina wata rana da sassafe a bakin famfon ɗakunan kwananmu. Na fito da buta a hannu da asuwakin darbejiya a baki, shi kuwa yana riƙe da buroshi da makilin, ga tawul a wuya. Da ya dube ni sai ya yi dariya ya ce, "Malam, har yanzu ba ka daina cin itace ba? Nan fa jami'a ce, ba bakin rafi ba." Na ce masa ai da wannan itacen kakanninsa suka tsufa da haƙoransu. Shi kuma ya ce kakanninmu ba su san tsabta ba sai da Bature ya zo da sabulu da duba-gari. Nan da nan mutane suka taru, wasu suka goyi bayansa, wasu suka goyi bayana, aka yi ta cacar baki har lokacin lacca ya yi, ba wanda ya kawo hujja ko ɗaya, har ni kaina.

Abin ya tsaya mini a rai. Saboda haka na shiga laburare na yi ɗan bincike, da aka yi hutu kuma na je gida na zauna da kakata na yi mata tambayoyi. Abin da na samo bai ba abokina gaskiya ba, amma ni ma bai bar ni da tawa gaskiyar duka ba. Shi ne nake so in shimfiɗa a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, domin su duba su gyara.

Shaidar Harshe

Tun da yake mu ɗaliban Hausa ne, bari mu fara da shaidar da ke bakinmu, watau kalmomi. Galibin abin da ya shigo mana ta hannun Turawan Ingila da sunansa ya shigo, muka lanƙwasa sunan ya dace da harshenmu. Haka muka sami buroshi da tawul da hoda. Wasu ma sunan da kamfani ya raɗa wa hajarsa ne ya zama sunan abin baki ɗaya, kamar makilin da basilin da omo. To, sabulu fa? Kalmar daga Larabci take, daga "sabun". Asuwaki daga "as-siwak" yake, alwala kuma daga "al-wudu'u". Su kuwa wanka da wanki da cuɗa da soso da toka, ba Larabci ba ne, ba kuma Turanci ba.

Ashe ke nan harshe ya nuna mana hawa uku. Akwai abin da Bahaushe ya gada tun fil azal, akwai abin da Musulunci da fataucin Sahara suka kawo, sa'an nan akwai abin da ya zo a zamanin Turawa. Da a hannun Bature muka fara ganin sabulu, da sunan da shi yake kiransa za mu kira shi, kamar yadda muka yi wa buroshi.

Musulunci da Tsarki

Littafin Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali da addinin Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Duk inda Musulunci ya kafu kuwa, tsarki ne farkon abin da ake koya wa mutum. Wanda ya yi karatun zaure ya san cewa a Ahalari da Ishmawi sai almajiri ya ƙare hukuncin ruwa da tsarki da alwala da wanka kafin a kai shi ga salla. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a 996, yana da babi a kan yanke farce da rage gashin baki da cire gashin hammata da kaciya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya riƙi mulki daga 1817 zuwa 1837, duk da nauyin daula da ke kansa, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir.

Mai karatu ya lissafa da kansa. Mutumin da ke salla biyar a yini yana wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa a hanci, ya wanke fuska da ƙafafu sau da yawa kowace rana, ban da wankan Juma'a da na janaba. A gwada wannan da abin da ya faru a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1847. A can likitoci kan fito daga ɗakin feɗe gawa su wuce ɗakin haihuwa ba tare da wanke hannu da magani ba, mata suna ta mutuwa da zazzaɓin jego. Wani likita mai suna Semmelweis ya tilasta musu wanke hannu da ruwan magani, sai mace-macen suka sauko daga kamar 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa kamar 2 cikin 100 a watan Yuni. Duk da haka manyan likitocin zamaninsa da yawa suka ƙi yarda da shi har ya mutu a 1865. Ban kawo wannan don in zagi kowa ba, sai don a gane cewa kowace al'umma koyon tsabta ta yi, kaɗan-kaɗan, wani lokaci ma da tsada.

Asuwaki

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da yin asuwaki ƙwarai, musamman gab da salla. Larabawa sun fi amfani da saiwar wani itace da suke kira araki, irin wanda alhazai ke tsarabarsa. A ƙasar Hausa kuwa an yi amfani da itatuwan gida irin su marke, da saiwar shuwaka. Ana yanko ɗan reshe mai kaurin ƙaramin yatsa, a ɓare bakinsa, a tauna har ya yi gashi-gashi, sa'an nan a goga.

A nan ne na fara shan kunya. Darbejiyar da nake tinƙaho da ita a bakin famfo, ina cewa itacen kakanni ce, ashe baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Indiya, kuma a zamanin mulkin Turawa aka fara shuka ta a Barno a 1928, daga nan ta bazu har ta zama inuwar kowace ƙofar gida, muka ba ta sunaye kamar dogon yaro da bedi da maina. Al'adar asuwaki tsohuwa ce, amma itacen da ke bakina bai kai shekara ɗari a ƙasarmu ba.

Yaya asuwaki yake aiki? A kan haƙori kullum akwai wata 'yar dauɗa mai yauƙi da ke taruwa, cike take da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke cin ragowar abinci, musamman mai zaƙi, su fitar da wani tsami da ke cinye haƙori har ya yi rami, su kuma kumbura dasashi ya riƙa jini. Yawancin warin baki ma daga gare su yake, da waɗanda ke kwance a bayan harshe. Maganin wannan dauɗa shi ne guga, ko da me aka goga. Shi ya sa a 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan amfani da asuwaki a wuraren da aka saba da shi. Buroshi kansa ba wani tsohon abu ba ne a hannun talakan Turai. Wajen 1780 ne wani Bature mai suna William Addis ya fara ƙera shi da yawa don sayarwa a Ingila, da ƙashi da gashin dabba, irin na roba da muke gani yau kuwa sai a 1938 ya fito a Amurka.

Amma fa asuwaki yana da iyakarsa. Gashinsa a miƙe yake daidai da sandar, saboda haka da wuya ya kai ga cikin turamen haƙori na can baya, in kuma mutum ya cika dirzawa da ƙarfi sai dasashi ya janye. Ga kuma wani canji da kakanninmu ba su sani ba. Su zaƙinsu zuma ne da rake da mazarƙwaila jefi-jefi, mu kuwa shayi da sukari da safe, alewa da rana, lemon kwalba da yamma. Bakin da ke shan wannan zaƙi yana bukatar sinadarin fulorayid da ke cikin makilin, wanda ke ƙarfafa bayan haƙori ya jure wa tsami.

Da na tambayi kakata ko 'yan matan zamaninta suna da fararen haƙora, dariya ta yi ta ce, "Mai gidana, farin haƙori ai na yara ne. Mu fure muke ci da goro, baki ya yi ja wur, shi ne ado." Hugh Clapperton, wanda ya shigo Kano a 1824, ya ga wannan al'ada ta rina haƙora da furen taba ya kuma rubuta ta. Ke nan sai mu bambance tsakanin tsabta da ado, domin abin da wani zamani ya ɗauka kyau ne, wani zamanin ƙazanta yake kiransa.

Sabulu da Kula da Fata

Kakata ta bayyana mini yadda ta ga ana haɗa sabulu a gida. A ƙone kara a tara tokar, a zuba mata ruwa a tace, a dafa ruwan tokar har ya yi kauri, sa'an nan a zuba man kaɗe ko kitse a yi ta juyawa a kan wuta har ya haɗu ya yi baƙi, a mulmula shi curi-curi. A ƙasashen kudu da ɓawon ayaba da man alayyadi ake yi. Wannan shi ne dangin sabulun salo. Inda babu shi kuwa, akan daka ɓawon aduwa a yi wanki da shi, domin yana kumfa. Hikimar sabulu ita ce, ruwa da mai ba sa haɗuwa, dauɗar jiki kuwa a cikin maiƙo take maƙale. Idan kaifin toka ya dafu da mai, sai a sami wani abu wanda gefensa ɗaya ke kama maiƙo, ɗayan ke kama ruwa, in aka ɗauraye sai ya tafi da dauɗar. Matan da suka yi wannan aiki ba su san sunan sinadari ko ɗaya ba, amma aikin da masana'anta ke yi shi suke yi. Aibinsa ɗaya, babu ma'auni, saboda haka in toka ta yi yawa sabulun kan ci fata.

A Ingila kuwa, daga 1712 har zuwa 1853 akwai haraji a kan sabulu, abin da ya sa ya yi wa talaka tsada. Bayan an soke harajin ne sana'ar ta bunƙasa. William Lever ya fito da sabulun Sunlight a 1884, masana'antun Turai suka shiga neman mai ido rufe, Afirka ta Yamma kuwa tana cikin manyan wuraren da suka samo shi: manja da alayyadi daga kudu, gyaɗa daga arewa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ana yin man ci da sabulu da su. A 1923 kamfanin Lever ya kafa reshe a Ikko, ba da daɗewa ba aka gina masana'antar sabulu a Apapa. Saboda haka abin da Bature ya kawo shi ne sabulu mai araha, mai ƙamshi, a naɗe cikin takarda, wanda sau da yawa da manmu aka yi shi. Wannan ci gaba ne, ba mai musu, domin ya sa sabulu ya shiga kowane gida.

Sauran matsalolin fata ma mutanen da ba su bar su haka ba. Da hunturu akan shafa man kaɗe ko man shanu don kada jiki ya yi fari ya tsage, a jiƙa ƙafa a goge kaushi da dutse kafin ya zama faso. Warin hammata akan shafa masa lemon tsami ko alimun. Yau mun san cewa gumi shi kansa ba ya wari, ƙwayoyin cutar da ke fata ne suke ruɓar da shi, alimun kuwa yana rage musu ƙarfi. Sai dai kada mu ɗauka duk abin da ya fito daga kanti alheri ne. A kanti ake sayar da sabulai da mayukan bilicin, waɗanda wasunsu ke ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda, a kanti kuma ake sayen baƙin rinin da ake garwaya wa lalle, wanda kan sa fatar wasu ta kumbura ta yi ƙuraje.

Kwalli

Yanzu sai in zo ga inda abin ya taɓa ni. A cikin hutun nan yayata ta haihu, na tarar kullum bayan wanka ana zizara wa jaririn kwalli daga tandu, ana cewa yana wanke ido yana ƙara gani. Kowa a gidanmu haka aka yi masa. Amma abin da na karanta ya tayar mini da hankali. Dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa a yi kwalli ko tozali, sau da yawa ma'adinin dalma ne, irin wanda ake samu a wurare kamar Abakaliki da Zurak ta ƙasar Wase. A 2011 likitoci a birnin Bostan na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da suka bi sawu sai suka tarar daga kwallin da ake sa masa ne, da aka auna kwallin kuwa aka sami fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri yakan murza ido ya kai hannu baki, ta haka gubar ke shiga jikinsa kaɗan-kaɗan. Ba ta sa shi kuka nan take, ƙwaƙwalwa take taɓawa, ta rage kaifin basira, kuma masana sun ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara kusan 400, ya san irin gubar da ake magana a kai, ko da yake abin da ke shiga ta kwalli bai kai wancan yawa ba.

Na sami yayata na ce, "Yaya, don Allah a daina sa wa yaron nan kwalli." Kakata tana jin haka ta ce, "Kai da shi aka rene ka, ga ka nan har jami'a." Na ce mata gaskiya ne, amma ba wanda zai iya auna abin da mutum ya rasa bai sani ba. Wani ya ce ai sa kwalli sunna ne. Na ce ba na jayayya da wannan, dalmar da ke cikin na kasuwarmu ita ce abin gudu, addini kuwa bai yarda mutum ya cutar da kansa ko ɗansa ba. Ba a rabu da daɗi ba ranar, amma kafin in dawo makaranta na ga an ɗauke tandun daga cikin kayan wankan jariri.

Jiki da Gari

Saura maganar duba-gari, kuma a nan abokina yana da rabonsa na gaskiya. Clapperton a 1824 da Heinrich Barth a 1851 duk sun yaba kasuwar Kano da arzikinta, amma dukansu sun koka da kududdufai da fadamar Jakara inda ake zubar da ƙazantar gari. Mun iya tsabtace jiki da tufa da tsakar gida, amma abin da ya wuce ƙofar gida mun bar shi ba mai shi. Birnin Landan ma a lokacin bai tsira ba, don a 1854 likita John Snow ya gano cewa rijiyar famfo guda ce ke yaɗa kwalara a wata unguwa, a 1858 kuma warin kogin Temis ya addabi majalisar dokokinsu har aka tashi haiƙan aka gina manyan magudanai. Wannan sabon ilmi na ƙwayoyin cuta da ruwa da sauro shi ne ya iso mana a zamanin Turawa. A 1932 aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan tsabta a Kano. Sai dai da yake da tara da tsoratarwa duba-gari ya shigo gidaje, yana leƙa randa da masai, mutane da yawa sun koyi tsoronsa ba su koyi dalilinsa ba.

Ga misali guda. A fiƙihu ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canja ba ya halatta a yi tsarki da shi, kuma wannan hukunci daidai ne a fagensa na ibada. Amma ruwa yana iya zama garau alhali yana ɗauke da ƙwayar kwalara, cutar da ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970 ta yi ɓarna mai yawa a 1971. Haka nan mutum ya fito daga bayan gida da buta ba tare da sabulu ko toka ba, sa'an nan mutum goma su wanke hannu a ƙwarya guda su sa a akushi guda. A ido an yi tsabta, amma cuta ta sami hanya.

Kammalawa

Da na dawo makaranta na karanta wa abokina abin da na tara. Ya yarda cewa ba Bature ne ya koya mana wanka da sabulu ba, ni kuma na yarda cewa ba duk abin da muka gada ne ya kamata mu riƙe ba. Yanzu ina goge baki da buroshi da makilin safe da dare, asuwakina kuma yana aljihu don lokutan salla. Shi ma na gan shi ran nan ya karyo reshen darbejiya a hanyar masallaci, ko da yake ya ce gwaji kawai yake yi.

Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, idan muka je hutu mu zauna da tsofaffinmu mu rubuta abin da suka sani game da itatuwa da mayuka da hanyoyin kula da jiki, da sunayensu na Hausa, kafin su tafi da shi. Sa'an nan mu kai wa 'yan'uwanmu na sashen kimiyya da likitanci su auna, abin da ya tabbata mai amfani a riƙe shi ba tare da jin kunya ba, wanda ya tabbata mai cutarwa a bar shi ko da da shi aka rene mu. Kafin nan kuma, duk wanda ya san halin da makewayin ɗakunan kwananmu ke ciki ya san cewa ciwon nan na tsabtar jiki da ƙazantar gari bai rabu da mu ba, mu da ake kira masu ilmi. Gyaransa ba ya bukatar jiran duba-gari.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu dace. Amin.